Shin Ko Kun San? Yadda Ake Gane Rokar da Za Ta Tashi Lafiya

Shin ko kun san cewa akwai rokar da tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, jikinta kwali ne, nauyinta bai kai giram 100 ba, amma takan haura mita 300 sama cikin 'yan daƙiƙu, ta buɗe lema ta sauko, a ɗauke ta a sake harbawa? Rokar gwaji ke nan, wadda ɗalibai da masu sha'awa ke haɗawa da hannunsu. Shafin yau na yaran ƙasar Arawa ne, na Kiyeshe da Dogon Dutsi da Tibiri, masu ƙera mota da jirgi da kara da gwangwani, da kuma malamansu na kimiyya. Kafin a danna maɓalli, yaya ake sanin abin zai tashi tsaye, ba zai watse a sama ba, kuma ba zai bar gari da gobara ba?

Shin ko kun san cewa mai sayar da takalma ne ya ƙirƙiro wannan wasa? Sunansa Orville Carlisle, mutumin garin Norfolk a jihar Nebraska ta Amurka, kuma yana da lasisin haɗa wasan wuta. A 1954 ya ƙera ɗan inji mai gidan takarda, wanda ake amfani da shi sau ɗaya a jefar. A 1957 ya aika samfurinsa ga G. Harry Stine, wanda ya yi aikin kula da tsaro a filin gwajin makamai masu linzami na White Sands, kuma a shekarar suka kafa ƙungiyar da ake kira NAR yanzu. Abin ya zo a kan gaɓa. Ranar 4 ga Oktoban 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, zazzaɓin roka ya kama samarin Amurka, suka shiga cusa kan ashana da garin albarushi cikin bututun ƙarfe a gidajen iyayensu. An yi asarar yatsu da idanu, an yi asarar rayuka. Rokar gwaji ta zo ne don ta raba yara da haɗa albarushi, ta bar musu ƙira da lissafi da daɗin kallo.

Ko kun san wani Vernon Estes ya haɗa na'urar da ya raɗa wa suna Mabel, mai fitar da inji ɗaya duk daƙiƙa 5 da rabi? Daga nan injin ya yi araha, ya zama kowanne daidai yake da ɗan'uwansa. A ƙiyasin NAR, an harba rokokin gwaji sama da miliyan 500 tun daga wancan lokaci.

Faransa ma hanyar da ta bi ke nan. A 1962 gwamnati ta hana masu sha'awa haɗa injin roka da kansu, ta ɗora wa hukumar sararin samaniya ta CNES nauyin samar wa ƙungiyoyin matasa injuna da masu sa musu ido. Har yau yaro ne ke ƙera jikin rokar, babban da aka horar ne ke riƙe da injin.

Shin ko kun san cewa dokar farko ta wannan wasa ita ce ban da ƙarfe? Hanci da gangar jiki da fukafukai duk sai da abu marar nauyi: kwali, roba, ko katako mai laushi. Mu a nan mun saba auna ƙarko da nauyi, abin da ya cika hannu shi ne mai kyau. A roka lissafin ya juya. Injin da gidansa takarda ne, in ya fashe tsumma yake zama. Bututun ƙarfe kuwa in ya fashe, ɓaraguzansa harsasai ne, ba su san wanda ya ƙera ba balle ɗan kallo. Duk wanda ya zauna da maharba ya ji labarin bindigar gargajiyar da ta tsage a hannun mai ita saboda ɗuri ya yi yawa ko bututun ya gaji. Don haka ina roƙon maƙera da masu walda na kasuwanninmu: yaro in ya kawo muku guntun bututun ruwa ya ce a toshe masa gefe ɗaya zai yi roka, ku ƙi, ku kuma gaya wa mahaifinsa.

Iyakar da dokar NAR ta gindaya ita ce nauyin roka gaba ɗaya kada ya wuce giram 1,500, makamashin da ke cikin injin kada ya wuce giram 125. Abin da ya haura nan ya shiga ajin manya, sai da jarrabawa da takardar shaida mai hawa uku.

Ko kun san haruffan da ke jikin inji magana suke yi? A ɗauki C6-5. Harafin yana faɗin jimlar ƙarfin da ke ciki, kuma kowane harafi ninkin na bayansa ne: B ninkin A, C ninkin B, har zuwa G. Lamba 6 matsakaicin ƙarfin turi ne a ma'aunin niyuton. Lamba 5 daƙiƙun da injin zai jira ne bayan wutar ta ƙare, kafin ya tura lema waje. Girman injin duka milimita 18 ne a kauri, 70 a tsawo. Wanda ya haura harafi biyu don zumuɗi ya ninka wa rokarsa ƙarfi sau huɗu, alhali manne da kwalin suna nan yadda suke.

Shin ko kun san cewa sirrin tashi tsaye yana cikin kwarin kakanninmu? Ku dubi kibiyar Hausa, irin wadda 'yan bakan Lugu suka tari rundunar Faransa ta Voulet da ita a Afrilun 1899. Ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin ta Turawa. Kyauro ne marar nauyi, sai ƙarfe a baki. Nauyin ya taru a gaba, doguwar jelar kyauron kuma iska ce ke tura ta baya, shi ya sa kibiyar ba ta juyawa ta tafi da gindi. Roka ma haka take. Tana da cibiya biyu. Ta farko cibiyar nauyi, wato wurin da za ku ɗora ta a kan yatsa ta tsaya ba ta rinjaya ba. Ta biyu cibiyar turin iska, wurin da ƙarfin iskar da ke bugun jikinta yake taruwa. Tilas cibiyar nauyi ta kasance gaba, wajen hanci, ta turin iska tana bayanta, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kai kaurin jikin rokar sau ɗaya zuwa biyu. In tazarar ta gaza, rokar za ta tashi ta yi ta wulwulawa a saman kawunan mutane da wuta a gindinta. Maganin biyu ne: a ƙara ɗan nauyi a hanci, ko a faɗaɗa fukafukai a ja su baya. Yawancin rokokin dā ba su da fukafukai, doguwar sanda ake ɗaura musu, tun daga waɗanda Hasan al-Rammah na ƙasar Sham ya bayyana a ƙarni na 13 har zuwa na sojojin Tipu Sultan a Indiya a ƙarshen ƙarni na 18. Sandar aikin kyauro take yi.

Lissafin gano cibiyar turin iska da biro da takarda kuwa, James Barrowman na hukumar NASA da matarsa Judith ne suka gabatar wa masu wannan wasa a 1966. Manhajojin kwamfuta na yau, irin su OpenRocket da ake saukewa kyauta, a kan lissafin nasu aka gina su.

Ko kun san Robert Goddard, wanda ya harba rokar farko mai aiki da ruwan mai ranar 16 ga Maris 1926, a sama ya ɗora injinsa, tankunan suna rataye a ƙasa? Ya ɗauka abin da ake ja daga gaba zai miƙe da kansa. Rokar ta yi daƙiƙa 2 da rabi, ta haura mita 12 da rabi, ta karkata ta faɗi a gonar kabeji, mita 56 daga inda ta tashi. Daga baya ya mayar da injin gindi. Wurin zaman inji ba shi ke miƙar da roka ba.

Shin ko kun san da igiya kaɗai za a iya gwada daidaiton roka? Ga yadda ake yi. A shirya ta kamar yanzu za a harba, da lema da komai a ciki, da inji ko wani abu mai nauyinsa a mazauninsa. A nemo cibiyar nauyi a kan yatsa, a ɗaura igiya mai tsawon mita biyu daidai wurin, a liƙe ƙullin da salatif don kada ya zame. Sai mutum ya fita fili ya riƙa juya ta a saman kansa. Mai daidaito za ta juyo da hancinta gaba da kanta, har ka ji igiyar ta daina karkarwa a hannu. Wadda ba ta da shi za ta tafi a kaikaice ko ta yi ta birkima. Sai a cire hancin, a cusa ɗan yumɓu a can cikin tsininsa, a sake nemo cibiya, a sake juyawa. Ba a fafe gora ranar tafiya: wannan aikin jajibiri ne, ba na filin harbi ba, inda yara sun taru suna jira kuma kunya za ta hana mai roka ya ce a fasa.

Shin ko kun san mafi yawan rokokin da ke watsewa a sama daga fiffike ɓarnar ke farawa? Ƙarfin bugun iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka biyu, bugun ya ninka huɗu, in ya ninka uku, bugun ya ninka tara. Fiffiken da ya yi sirara ko ya yi tsawo yakan kama kaɗawa, kaɗawar tana ƙara kanta har ya tsinke daga gindi. Da ɗaya ya fita, sauran ba su iya riƙe hanya. Abu uku ake dubawa. Na farko jijiyar katako: a yanka fiffike yadda jijiyar za ta bi gefensa na gaba, ta nufi waje. In ta kwanta a tsawon jikin rokar, da yatsa biyu ma za a ɓalle shi. Na biyu manne: ba a shafa gam a kan fenti ko kan ƙyallin kwali, sai an kankare da samfefa, sannan bayan ya kama a bi kusurwar da fiffike ya haɗu da jiki a zuba wani layin gam a lailaye da yatsa, gefe da gefe. Na uku miƙewa: a ɗaga rokar a hango ta daga gindi, kowane fiffike ya tsaya cak, tazararsu ɗaya. Ni a ganina kyan fenti shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a yaba wa yaro. A fara kama fiffike a girgiza a gabansa, ya ga da idonsa ko zai motsa.

Gam mai yawa kuma ba ƙarfi ba ne. Nauyi ne a gindi, yana jan cibiyar nauyi baya, inda ba a son ta.

Ko kun san fukafukai ba su aikin komai sai roka ta yi gudu? Shi ya sa ake zura ta a siririyar sanda mai tsawon kusan mita ɗaya, ta riƙe ta har gudunta ya kai wajen mita 15 a daƙiƙa. Masu wasan suna son turin inji ya ninka nauyin roka sau 5. Ga injin C6, lissafin ya tsaya a kimanin giram 120. Roka in ta fi haka, za ta bar sanda da kasala, iskar farko da ta same ta ta kwantar da ita. Sandar kuma ba a karkata ta fiye da digiri 30 daga tsaye, kuma ana rufe tsininta da gwangwani in ba harbi ake ba, don masu sunkuyawa sun sha tsone ido da ita.

Shin ko kun san roka iska take fuskanta, ba gudunta take yi ba? Iskar gefe tana tura fukafukai, hanci ya juya ya nufi inda iskar ta fito. Wanda ya tsaya ta ɓangaren da iska ke fitowa yana zaton ya tsira, ashe wajensa za ta karkato. Dokar ta ce ba a harbi in iska ta wuce kilomita 32 a awa, ba a harbawa cikin gajimare, ba a harbawa in jirgi yana kusa. A Dallol Mawuri wannan doka ta cinye kwanaki da yawa na hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar gabas ke tashi da hantsi, hazo kuma ya rufe sama har roka ta ɓace wa ido tun ba ta yi nisa ba. Da bazara ga guguwa da tsakar rana, da farkon damina ga hadarin da ke zuwa da ƙura ba sallama. Sassafe, kafin iska ta farka, shi ne lokacinmu.

Ko kun san saukowa ta fi tashi haɗari? Rokar da lemarta ba ta fita ba takan juyo da tsini ƙasa, ta dawo da gudun da ya kusa wanda ta tafi da shi. A Nuwamban 2015, a wani taron harbi a hamadar Kalifoniya, irin wannan ta faɗo wa wani mutum a fuska ya rasu. Saboda haka ake gwada hanci kafin harbi: a kifa rokar, kada ya zube da kansa, amma a girgiza sau ɗaya ya fita. Igiyar da ke haɗa hanci da jiki ta kai tsawon rokar sau biyu ko uku, a ja ta da ƙarfi a ga ko ɗaurinta zai saki. Tsakanin inji da lema ana cusa takardar da ba ta cin wuta, in ba haka ba lemar leda narkewa za ta yi ta dunƙule. Kuma kowa a fili tsaye yake, ido a sama, hannu yana nuna rokar har ta taɓa ƙasa.

Ga wani lissafi na malaman lakwal. Roka ta kai mita 300, lema tana sauko da ita mita 4 a daƙiƙa: daƙiƙa 75 ke nan a sama. In iska tana tafiyar mita 5 a daƙiƙa, za ta sauka mita 375 daga inda ta tashi. Gonar wa ce a can? Rumbun wa?

Shin ko kun san kowane inji da faɗin filin da aka yanka masa? Na A mita 30 kowane gefe, na B 60, na C 120, na D 150, daga E zuwa G mita 300. Mutane kuma su ja baya aƙalla mita 5 ga injin D ko ƙasa da shi, mita 9 ga wanda ya fi. Fili dai Allah ya hore mana. Abin da ke tayar mini da hankali wuta ce. Bayan kaka, ƙasar nan duk makamashi ce: kara a gona, dammunan gero a tsibe, harawa da karmami a kan itatuwa da rufin ɗaki, rumbuna masu hular ciyawa, dangar zana, ga busasshen sabe da makiyaya ke dogaro da shi har faɗuwar ruwa. Tartsatsi ɗaya zai iya cinye abincin shekara na gida goma. Wurin da ya dace shi ne faƙo, can kan tudun jan dutse inda ko ciyawa ba ta fita, nesa da gari da garke. A share kewayen sandar, a sa farantin ƙarfe a ƙarƙashi don wutar inji kada ta taɓa ƙasa, a ajiye bokitin ruwa da na rairayi.

Rokar da ta maƙale a wayar lantarki kuma ta zama ta waya. An rasa rayuka a Amurka wajen ƙoƙarin zaro ta da sanda.

Ko kun san ba a kunna roka da ashana? Da batir da doguwar waya ake yi, akwatin kunnawar yana da makullin da ake zarewa, kuma makullin yana aljihun wanda ya je ɗaura waya. A ƙirga da ƙarfi daga biyar zuwa ɗaya kowa ya ji. In an danna ba ta tashi ba, a zare makulli a jira daƙiƙa 60 cur kafin wani ya matsa, don wuta takan yi kwanton ɓauna a cikin inji. Manya ma abin bai bar su ba. Ranar 22 ga Agustan 2003, a sansanin Alkantara na Barazil, injin wata roka ya kama da kansa kwanaki kaɗan kafin ranar harbi, ma'aikata suna kewaye da ita. Mutum 21 suka mutu.

Shin ko kun san zafin Afrilu yana iya lalata inji tun yana cikin kwalinsa? Makamashin dunƙule ne da aka matse cikin gidan takarda. In ya sha zafin rana mai wuce digiri 40, dare ya yi ya huce, gobe ya sake, sai ya tsage ko ya saki jikin takardar. Wuta ta sami ƙarin fuskar ci, matsi ya hau lokaci guda, injin ya fashe a kan sanda. Ido ba ya ganin wannan tsagar. Injin da ya kwana a mota ko ƙarƙashin rufin kwano, ko ya faɗi a kan siminti, ba abin yarda ba ne.

Shin ko kun san a filin harbi akwai mutum ɗaya da ba ya harba komai, amma maganarsa ce yanke? Shi ne alƙalin fili. Kowace roka sai ta bi ta teburinsa. Zai ɗauke ta ya auna a hannu, ya girgiza fukafukai, ya ja ƙugiyar da ke riƙe inji, ya zare hanci ya duba lema, ya tambayi mai ita inda cibiyar nauyi take da inda ta turin iska take. In bai gamsu ba ya ce a'a, ko rokar ta shugaban ƙungiya ce. A duk dokokin nan wannan na fi ƙauna, don wanda ya yi wata guda yana manna abu ba zai iya ganin aibinsa ba. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, da mutum 7 a ciki, saboda wani zoben roba da sanyi ya sandarar. A daren jajibiri injiniyoyi, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun ce kada a harba. Manyansu suka danne maganar. A makarantunmu, alƙalin fili kada ya zama malamin da ya jagoranci ƙirar. A nemo wani, ko malamin lissafi ko tsohon makanike mai natsuwa, kuma darakta ya faɗa a gaban kowa cewa in ya ce a fasa, an fasa, ko da manyan baƙi sun riga sun zauna a rumfa.

Masu hannu ba su yi mana kaɗan ba. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziya a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic da tarkacen motoci, har ya ɗaga shi kimanin mita 2 daga ƙasa. A Kwango, Jean-Patrice Keka ya harba rokokin Troposphère da ya ƙera, ta Maris 2009 ta kauce hanya ta faɗi. Irin waɗannan mutane masu dubawa suke buƙata, waɗanda za su zauna da su da ma'auni, ba 'yan kallo kaɗai ba.

To, shin ko kun san akwai rokar da ba ta buƙatar wuta ko kaɗan? Injinan masana'anta ba hajar kasuwanninmu ba ce, kuma na riga na faɗi ra'ayina kan haɗa albarushi. Ga wadda ta dace da Kiyeshe: gorar roba ta lemo mai gas, ruwa kashi ɗaya cikin uku, toshiya mai bawul ɗin taya, da famfon keke mai agogon matsi. Iskar da aka matse ita ke feso ruwan ta baki, gorar ta yi sama, sau da yawa ta wuce mita 50. Duk darussan da ke sama suna cikinta, daga cibiya biyu har zuwa alƙalin fili. Amma ita ma da dokarta. Sai gorar lemo mai gas, wadda aka yi don ɗaukar matsi. Ban da kwalba, ban da bututun roba mai tauri na ruwan famfo, don in ya fashe tsini-tsini yake watsewa. Gorar da ta ƙuje, ko ta lotsa, ko ta daɗe a rana har ta yi fari, a bar wa masu sayar da mai. Matsi ya tsaya tsakanin lamba 4 da 5 a ma'aunin bar na agogon famfo. Tiyon ya yi tsawo, mai bugawa ya tsaya nesa, kada kowa ya leƙa ta sama. Kuma ga dabarar gwaji da masu tukunyar gas ma ke yi: a cika gorar da ruwa fal, ba iska ko kaɗan, a buga ta wuce matsin da za a yi aiki da shi. Ruwa ba ya matsuwa, don haka in ta fashe tsagewa kawai za ta yi ta zubar. Wadda aka cika da iska zalla kuwa, ƙararta kaɗai ta isa ta taɓa dodon kunne.

Kada a raina ta. A 2015 ɗaliban Jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu sun harba rokar ruwa ta kai mita 830.

Ko kun san babbar gasar rokar ɗalibai a Amurka, wadda aka fara a zangon karatu na 2002 zuwa 2003, ɗanyen ƙwai take sa a ɗauka? Roka ta kai tsawon da aka yanka, ta sauko cikin daƙiƙun da aka ƙayyade, alƙali ya buɗe ya duba. Ƙwai in ya tsage, an faɗi. Ƙwan zabo da damina ba ya wuya a Arewa, sai dai ɓawonsa ya fi na kaza tauri, don haka mai son jarrabawa ta gaskiya ya sa na kaza.

Ko kun san ana auna nisan da roka ta kai ba da na'ura ba? Ɗalibi ya tsaya mita 100 daga sanda, riƙe da ma'aunin kusurwa na aji wanda aka rataya wa zare da ɗan dutse. Ya bi rokar da ido ta gefen ma'aunin, inda ta tsaya ya danne zaren. Digiri 45 na nufin mita 100, digiri 30 kimanin mita 58, digiri 60 kimanin 173. Ƙasar da ta haifi Abdu Mumuni Diyofo, masanin fiziya da makamashin rana wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ta cancanci 'ya'yanta su koyi wannan a fili ba a allo kaɗai ba.

Shin ko kun san daga Saharar nan tamu aka taɓa harba tauraron ɗan'adam? A Hamagir ta Aljeriya, ranar 26 ga Nuwamban 1965, rokar Diamant ta ɗaga tauraron Astérix, Faransa ta zama ƙasa ta uku da ta yi haka da rokarta. Masu sha'awa kuwa sai ranar 17 ga Mayun 2004 suka taɓo sararin samaniya, da rokar GoFast da ta kai kilomita 116 daga hamadar Nebada, bayan sun sami izinin hukumar jiragen sama ta ƙasarsu.

Izinin nan ya shafe mu fiye da su. Sararin saman Nijar yana da masu kula da shi, hukumar ANAC da ASECNA, kuma duk abin da zai yi nisa sama sai da saninsu. Ban da haka, a halin tsaron da jihar Doso ke ciki, abu mai ƙara da ya tashi daga bayan gari zai iya firgita mata da yara, ya sa jami'an tsaro su ɗauka wani abu ne daban. Ko rokar ruwa ce, malami ya fara sanar da daraktansa, a je wa mai gari da ofishin magajin gari, a kai wa jandarma takarda mai ɗauke da rana da awa da wurin da za a yi, sannan a gaya wa makiyayan da ke kusa su kau da dabbobinsu a safiyar.